Jan Ruwan Karan Dafi da Idon Dogo

Da sunan Allah nake buɗe bakina. Ban yi boko ba, na allo ma iyakata abin salla, don haka faɗa nake yi, jikata tana rubutawa. Abin da ya sa na yarda a rubuta, magana ce na ji wasu samari suna yi a ƙofar gida, wai sana'ata ba wani abu ba ce, jiƙa kara ne a ruwa a watsa wa saniya a ido. Ban yi fushi ba. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban ƙahon sa da ludayi a hannu ba, dole abin ya yi masa kama da wasa.

Sunana Hansatu, amma daga Roni har Gwiwa da Mai Jan Ruwa aka san ni. Aikina wankin idon dabba ne: shanu, tumaki, awaki, jefi-jefi jaki. Ciwon da damina yake zuwa, lokacin da ƙuda ya yi yawa. Da farko za ka ga hawaye ya yi hanya a fuskar dabba, tana ƙifce-ƙifce, tana gudun rana. Daga nan fatar idon ta kumbura, kwantsa ta liƙe ta. In aka yi sakaci sai farin ɗigo ya fito a tsakiyar ƙwayar, shi ne hakiya. In ya faɗaɗa ya rufe baƙin, ido ya tafi ke nan. Saniyar da ba ta gani ba ta iya kiwo. Ta rame, ta faɗa kwazazzabo, ƙarshenta wuƙar mahauci.

Aikin farko da na sa hannu a ciki na wata tunkiya ne, ina amarya. Uwar mijina ce mai sana'ar, Inna muke ce mata, Babarbariya ce da iyayenta suka taso daga gabas. Kafin ta bari in taɓa tunkiyar sai ta ajiye ƙoƙo biyu a gabana, kowanne da jan ruwa.

Ta ce, "Ɗanɗana wannan."

Na sa harshe, na ji ɗan bauri da ɗan gishiri.

"To, ɗanɗana wancan."

Harshena ya yi zau, na tofar.

Ta ce, "Na farko namu ne, na biyun na masu rini. Kara ɗaya ne, amma su da kanwa suke fito da jansa don ya kama kaba da fata. Abin da harshenki ya ƙi, ido ya fi shi ƙi. Ko barci kike aka tashe ki, kada ki zuba wa dabba ruwan da ba ki ɗanɗana ba."

Karan da take nufi shi ne karan dafi, wata irin dawa da ba a shuka ta don tuwo. Ɓawon da ke rungume da karanta ja ne kamar jini, shi dukawa ke rina fata da shi, mata su rina kabar tabarma da faifai. Mu a gefen gona muke shuka shi. In ya ƙosa a ɓare ɓawon da hannu, a zubar da duk wanda ya yi fumfuna, a shanya a inuwa, don rana tana shanye jan. Ana dafa shi a tukunyar ƙasa wadda ba ta taɓa ganin miya ko yaji ko kanwa ba. Tukunyata ko ruwan koko ba a taɓa ɗumamawa a cikinta ba. Sai ruwa ya tafasa sosai a jefa ɓawon, kuma ba a bari ya yi duhu, da ya kai launin zoɓon da aka tsinka a sauke. A sa gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, a tace da farin ƙyalle, a sake tacewa, domin ɗan tsinke guda in ya shiga ido ya fi ciwon ɓarna. A bar shi ya huce ya koma ɗumin madarar da aka tatso yanzu. Na yau ba ya kai gobe. Abin da ya rage a zubar.

Ja na cikin ido ne. Na waje kuma akwai rawaya, saiwar da muke haƙowa a gindin duwatsun Roni, wadda ake rina tufa da ita. A daka ta, a kwaɓa da man shanu, a shafa a kan kumburin fatar, ba a bari ta gangara ciki. In babu rawaya, gangamau na kasuwa yana tsayawa a madadinta. Saniya mai farar fuska ta fi kowace wahala da rana, ita sai a zagaye mata idon da shuɗin baba, a ɗaura mata ƙyalle daga ƙaho zuwa ƙaho ya sauko ya yi mata inuwa. Launi uku ke nan, kuma duk a hannuna suke ƙarewa. Da damina tafin hannuna ba ya rabuwa da ja, har a gidan biki akan tambaye ni wa ya yi mini lalle.

Wani bijimi da aka taɓa kiran mu a kansa a wata ruga ta wajen Babura shi ya nuna mini cewa rabin sana'ar ba a hannuna take ba. Majiya ƙarfi sun taru sun kayar da shi da igiya, yana ta bugun ƙasa da kai, ƙasar tana shiga idon da ake so a wanke. Maigidana, Malam, ya ce a kwance shi a bar shi ya tashi. Ya tsaya kusa da shi yana sosa masa gindin ƙaho har numfashinsa ya sauka. Sannan ya sa yatsa biyu a hancinsa, ya jingina kan a ƙirjinsa, ya rufe lafiyayyen idon da hularsa, ya karkato mai ciwon sama. Ya ce, "Zuba." Na zuba. Haka muka yi aiki tun ina da ƙuruciya har gashina ya yi fari: shi riƙo, ni zubi. Ba ya kayar da dabba sai ya rasa yadda zai yi. Yakan ce wadda aka kayar yau, gobe daga nesa za ta hango ludayi ta tsere.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Mace mai akuya ɗaya da hawayen farko take zuwa, ita ce mai sauƙi. Mai garke sai ciwo ya bi rabin maruƙansa zai turo. Dillalai kuma nasu daban ne. Wani ya taɓa kawo mini saniya mai tsohuwar hakiya ana gobe kasuwa.

Ya ce, "Baba, ba warkewa nake nema ba. Ki ɗan sa mata shuɗin nan a kan farin, ya ɓoye zuwa la'asar ɗin gobe."

Malam yana gyaran igiya, ko kansa bai ɗaga ba ya ce, "Ka kai ta marina mana, a tsoma ta gaba ɗaya. Ka sayar da ita a shuɗiya, ka ga ba wanda zai kalli idon."

Mutumin ya ja saniyarsa yana ƙunƙuni.

Wata shekara, Malam yana da rai, wata yarinya 'yar Kazaure mai karatun likitan dabbobi ta zo a kan babur tana tambayar gidanmu. Bilkisu sunanta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce so take ta ga yadda nake haɗa jan ruwa, ta kuma ɗebi ɓawon da saiwar. Ta ce a wurin karatunsu akan gwada irin waɗannan launuka na tsirrai a idon zomaye da ɓeraye, a ga ko suna saukar da kumburi.

Malam ya ce, "Ɓera? To wa ke riƙe muku shi?"

Ta ce, "Mu da kanmu, Baba."

"Ashe ni ma da na yi boko da yanzu likita ne."

Ta yi dariya har littafinta ya faɗi. Na tambaye ta ko a ganinta maganin nawa yana aiki. Ta ce, "Iya, da na sani da ban zo ba. Gwaji yana da tsawo, ba zan faɗa miki abin da ban gani ba." Ban sake ganinta ba, ban kuma san inda binciken ya tsaya ba. Amma ta bar mini abubuwa da na riƙe. Ta ce ƙuda ne ke ɗaukar ciwon daga ido zuwa ido, kuma ƙyallen da ya goge wannan dabba kada ya taɓa waccan. Ni da ƙyalle ɗaya nake zagaye garke, haka na ga Inna tana yi. Daga ranar na yayyaga tsohon zane, kowace dabba da nata. Ta ce kuma in farin ɗigo ya riga ya fito, wanki kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da allurar malamin dabbobi. Wannan ya yi daidai da abin da na sha gani, don akwai idanun da na wanke safe da yamma suka tafi duk da haka. Ta ba ni sirinji marasa allura, suka fi mini ludayi saiti. Safar hannun da ta ba ni ce kawai ban iya ba, don da fatar yatsa nake jin ɗumin ruwa. Ta roƙe ni kada in sa wa mutum, na ce ko Inna ba ta taɓa ba, mai ciwon ido asibiti muke nuna masa.

Kafin in shiga mummunar shekarar sai na gaya muku yadda muke noma. Malam sa ɗaya gare shi, Dogo. Amininsa Malam Buba, Bafulatanin da ya zauna ya kama noma a gefen garinmu, shi ma ɗaya gare shi, baƙi, ana ce masa Ɓale. Sa ɗaya ba ya jan garma, sai suka haɗa su a karkiya ɗaya, yau huɗa a gonarmu, gobe a tasa. A wurin Buba shanun suke kwana don shi ke da makiyaya. Tsakaninsu kuwa wasan Barebari da Fulani ne ba dare ba rana. Buba ya shigo ya ce, "Ina bawan nan nawa?" Malam ya ce, "Ga ubangidanka nan, durƙusa."

Malam ya rasu da bazara, gab da saukar ruwa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Nan na sa yarinyar ta ajiye alƙalami sai da na gama kukana, kuma ba na ɓoyewa, har yau in na zo wurin nan sai na yi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na shiga takaba. Yayarsa, Yaya Abu, ta taso daga Gwiwa ta zo zama da ni. Mace ce mai tsare al'ada. Ta kwashe kwalli da turare da garin lalle ta ƙulle a ƙasan adaka. Ta ɗauki tukunyar aikina ta kife a kan rumbu, ta ce, "Ja ya ƙare a gidan nan sai kin fita." Ban musa ba. Ko da ta bar mini ita, wa zai riƙe mini?

Ruwa ya sauka, ƙuda ya taso, ciwon ido ya shiga dabbobi fiye da yadda aka saba. Ina ɗaki ina jin mata suna sallama da awakinsu, Yaya tana mayar da su daga zaure. Matar Buba, Dije, takan kawo mana nono da safe. Wata safiya ta ajiye ƙwaryar ta zauna, ta ƙi tashi.

Na ce, "Dije, lafiya?"

Ta dubi Yaya, ta dube ni, ta ce, "Maigida ya ce kada kowa ya gaya miki. Dogo ne."

Ta ba mu labari. Idon Dogo na hagu ne ya fara hawaye. Buba ya ce ba zai iya tsayawa a ƙofar matar amininsa tana takaba ya ce ta fito ta yi masa aiki ba. Ya sha ganin jan ruwa a hannuna, ya kuma san da karan dafi ake yi. Sai ya tafi wurin masu rinin kaba a Roni, ya sayo jan a kwalba, ya ɗura wa san a ido. Dogo ya yi wani irin kuka, ya tumɓuke turke. Kafin gari ya waye idon ya koma fari fat. Yanzu ga na dama ya fara hawaye, har wani mahauci ya ji labari ya zo ya zagaya san ya tafi.

Ga abin da ke gabana. In idon dama ya bi na hagu, Dogo ya zama nama. Ɓale shi kaɗai ba zai ja garma ba. Masu shanu kowa tasa gonar yake fara yi, kafin a waiwayo ta gwauruwa lokacin huɗa ya wuce. Ga jikoki marayu a gabana, daga gonar nan suke ci. Ga gidan Buba, su ma haka.

Na ce, "Yaya, sauko mini da tukunyar."

Ta ce, "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ki fito da hannu ja kamar amarya? Da wane bakin zan yi wa mutane bayani?"

"San ɗan'uwanki ne."

"Na san san wane ne. Ba ke za ki gaya mini ba."

"To gaya mini abin da yaran nan za su ci da rani."

Sai ta ja mayafinta ta ce ita za ta je wurin Liman da ƙafarta, don in ni na aika, abin da nake so a ji shi za a dawo mini da shi. Ba ta daɗe ba ta dawo, fuskarta a murtuke.

Ta ce, "Wai lalle ado ne, wannan kuwa aiki ne, ba a hana ki ba. Wai ko fita ce ta kama, ki fita da rana ki dawo ki kwana a ɗakinki." Ta zauna ta cire takalmi. "Shi ya faɗi nasa. Amma ba Liman ne zai zauna da matan garin nan ba. Ba inda za ki. A kawo san nan."

Zaurenmu ba ya ɗaukar sa mai ƙaho, sai aka kwance darnin bayan gida aka shigo da shi ta nan. Buba ne ya jawo shi. Tun ranar jana'iza ban sa Buba a ido ba, ya rame, ya kasa ɗaga kai. Daga bakin ƙofar ɗaki na ce ya miƙo kwalbar. Na ɗiga a harshe na tofar. Kanwa ce, mai yawa kuwa, har da wani garin rini na kanti.

Ya ce, "Nauyinki na ji, Hansatu. Na ce in rage miki wahala."

Na ce, "Da bawan naka yana nan, da ya ce Bafulatani ya rina sa ya ɗauka tabarma ce."

Na faɗa ne don in sauƙaƙa masa, amma sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska yana kuka. Ni ma na kasa daurewa. Yaya ce ta ce, "In kun gama, ruwa ya tafasa."

Na duba Dogo. Na hagu babu sauran magana, ya ƙone. Na dama ya kumbura ya liƙe, da na buɗa shi da yatsa na ga ɗigon fari kamar ƙwayar gero. Na haɗa ruwana, na tace, na ɗanɗana. Sai riƙo ya gagara. San ya riga ya koyi cewa duk abin da ya nufo fuskarsa wuta ne. Buba makiyayi ne tun yana yaro, amma da ya kama hancin, Dogo ya yi wurgi da shi ya haɗa shi da rumbu. Aka sake, ya sake. Na tsaya da sirinji a hannu ina kallon wurin da Malam yakan tsaya. Maƙwabta suka leƙo ta darni suna cewa a kawo igiya a kayar da shi. Na ce in aka kayar da shi yau an gama, gobe ba mai iya kusantarsa, ga shi wankin na kwanaki ne.

Buba ya tashi yana dafe da haƙarƙari ya ce, "Bari in kawo Ɓale da karkiya."

Na ce, "Huɗa za mu yi a tsakar gida?"

Ya ce, "San huɗa in ya ji itace a wuyansa, ya ji ɗan'uwansa a gefe, tsayawa yake ya jira umarni. Haka muka hore su."

Ni ban san wannan ba, Malam bai taɓa buƙatarsa ba. Aka kawo Ɓale, aka ɗaura musu karkiya. Dogo ya yi huci, ya jingina da ɗan'uwansa, ya tsaya. Buba ya riƙe ƙaho yana yi masa magana da Fulatanci. Na matso ta gabansa, ta ɓangaren idon dama inda yake ɗan iya ganina, na bar shi ya shinshina hannuna, na fara da goge kwantsar da ruwan ɗumi kawai. Da ya ji ba zafi, na zuba jan. Ya ƙifta, ya girgiza kunne, bai motsa ƙafa ba. Da na waiwaya neman ƙoƙon rawaya sai na gan shi a hannun Yaya, tana miƙo mini.

A ranar na ce wa Buba ya hau babur ya tafi Kazaure ya zo da malamin dabbobi, don ɗigon ya riga ya fito. Malamin ya zo ya yi allurarsa, ya duba ƙonannen idon ya ba da abin shafawa don kada ya ruɓe. Ya ga tukunyata, ya tambayi abin da ke ciki, na gaya masa. Ya ce in dai dafaffe ne tatacce, ba kanwa, in ci gaba da wankewa, a kuma tsare san daga rana da ƙuda. Muka yi wa shanun rumfa a bayan ɗakina. Safe da yamma a ɗaura karkiya, in wanke, a kwance.

Hannuna kuwa ya yi ja har wuyan hannu. Ranar wata Juma'a mata suka shigo gaisuwa, na miƙa hannu zan karɓi ƙwarya, na ga idanunsu sun tsaya a kai. Wata ta taɓa ta kusa da ita. Kafin in ja hannun cikin mayafi Yaya ta ce, "Ku kalla da kyau, kada ku je ku faɗa ba daidai ba. Karan dafi ne, ni na sauko mata da tukunyar. Mai magana ta same ni a Gwiwa, gidana ba ɓoyayye ba ne." Suka gama gaisuwa suka tafi. Kashegari ma ɗaya daga cikinsu ta dawo da akuyarta ta bayan darni, na wanke mata.

Kumburin ya fara sauka, hawayen ya tsaya. Ɗigon bai ƙaru ba, daga baya ya shiga ja da baya har ya zama ɗan tabo a gefe. Ranar da na wurga ɓawon gyaɗa ta damansa ya kauce, na san yana gani. Ko jan ne ya yi, ko allurar, ko inuwar, ko duka, ban raba ba, Allah ne masani. Na ce wa Buba ya kwashe shanunsa, ƙasa tana jira.

Sai wata matsalar ta taso, Dije ce ke kawo mini labarinta tare da nono. Tun horonsu Dogo a hagu yake tsayawa, Ɓale a dama. Yanzu makahon idon ne ke kallon waje. Ko tsuntsu ya tashi ta wannan gefen sai Dogo ya firgita ya banke ɗan'uwansa, garma ta fita daga layi. Mahaucin ya sake dawowa. Buba ya kore shi, ya zauna ya yi tunani, ya sauya musu wuri: Dogo ya koma dama, makahon idon yana jingine da Ɓale, lafiyayyen yana kallon fili. Amma sa ba ya son a canja masa gefe. Dije ta ce duk su biyun sun rikice, in an ce su juya sai kowa ya ja nasa wajen, Buba yana dawowa gida muryarsa a dishe. Na tambaya ko gonar wa ake wannan fama. Ta ce tawa, ya rantse ba zai sa garma a tasa ba sai ya gama ta amininsa. Daga nan ta daina kawo zancen, ni kuma na ji tsoron tambaya.

Ranar da na fita takaba, bayan na yi wanka an yi addu'a, ban nufi gidan kowa ba sai gona. Gero ya riga ya fi ni tsawo. Na shiga ta gefen hanya, inda aka fara huɗar. Layukan farko kamar sawun maciji, wani ya hau wani, wani ya yanke a tsakiya an sake kamawa. Malam da ya ga irin wannan a gonar wani, da ya yi mako yana ba'a. Na ci gaba da ratsawa ina taɓa ganye. Ina tafiya karkatar tana raguwa, har na kai wajen tsamiyar da ke iyakarmu, na tarar da layuka miƙaƙƙu, ka tsaya a wannan baki ka hango wancan.

A nan Buba ya same ni, ya yanko wa shanun ciyawa. Ya gaishe ni, ya nuna bakin hanya da lauje ya ce, "Waɗancan na farkon ki yafe mana. Mu uku duk koyo muke yi."

Na ce, "Taka gonar fa?"

Ya ce, "Ta samu, a makare. Za a ci abin da aka samu."

Na tsaya a cikin geron na yi kuka mai isata, shi kuma ya juya baya yana ɗaure ciyawarsa har na gama. Sannan na ce masa gobe ya zo da sassafe, akwai maruƙa a wata ruga ta hanyar Gwiwa da aka daɗe ana aiko mini a kansu, ina neman mai riƙo.

Ya ce, "Ban iya irin nasa ba."

Na ce, "Na sani. Ka zo."